Zagayen Farin Dutse: Abin da na Gani da Abin da ya Same ni

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar in tsaya gabanku. Sa'ad da takardar Sakatare ta iske ni, sai na ga an rubuta wai in zo in yi bayani a kan gudun da nake yi a duwatsun Turawa. Na yi dariya, domin na san inda maganar ta samo asali. Wani ɗan ajinmu ne ya ga hotona ina sanye da gajeren wando, ga sanda biyu a hannu, ga tocila ɗaure a goshi, sai ya bi gari yana cewa wane ya je Turai ya zama mafarauci. To, yau ga ni, zan wanke kaina. Sai dai ina roƙonku haƙuri, domin labarin da na zo da shi akwai abin kunya a cikinsa, kuma saboda abin kunyar nan ne ma na amsa gayyatar.

Waɗanda muka yi zamani tare sun san ni da gudu. Shekara uku a jere ni nake zuwa na ɗaya a gudun fanfalaki na tsakanin gidaje. Amma za ku tuna cewa a shekarun nan uku gidanmu bai taɓa ɗaukar kofi ba, domin ba da mutum ɗaya ake lissafi ba, ana haɗa sakamakon mutum shida na farko daga kowane gida ne. Ni kuwa da zarar an busa usur sai in ɓace, ban san halin da sauran biyar ɗin suke ciki ba. Malaminmu na wasanni, ga shi nan zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha kirana gefe yana cewa, "Kai, kofin gida ba a cin sa da ƙafa biyu." Kunnena ya ji, amma maganar ba ta shige ni ba. Ranka ya daɗe Malam, sai da na yi shekara talatin da 'yan kai da barin makaranta, a bisa wani dutse a kan iyakar Faransa da Italiya, sa'an nan na gane abin da kake nufi.

Bari in fara da bayanin wurin. A tsakiyar Turai akwai jerin duwatsu da ake kira Alps, waɗanda suka ratsa ƙasashe takwas. Wanda ya fi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, ma'anarsa da Faransanci Farin Dutse, domin kowane lokaci na shekara kansa a lulluɓe yake da dusar ƙanƙara. Tsawonsa daga bakin teku ya ɗan haura mita 4,800. Don ku kwatanta, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, kun ga ke nan Farin Dutse ya kusa ninka shi. Kuma ba shi kaɗai yake tsaye ba. Kamar sarki yake a tsakiyar fadawansa, manyan duwatsu masu tsini sun kewaye shi, a tsakaninsu kuma akwai daskararrun koguna na ƙanƙara waɗanda suke gangarowa a hankali shekara da shekaru. Wannan tarin duwatsu ƙasa uku ne suka raba shi, Faransa da Italiya da Suwizalan.

Tun zamanin da, makiyaya da fatake masu alfadarai sun fitar da turaku daga wannan kwari zuwa wancan. Ba sa hawa kan dutsen, sai su nemi inda duwatsu biyu suka yi lanƙwasa a tsakaninsu su bi ta nan. Irin wannan mashigi Faransawa suna ce masa "col", asalin kalmar kuwa wuya take nufi, saboda haka ni ma a jawabin nan wuyan dutse zan riƙa cewa. A shekarar 1760 wani masani ɗan birnin Jeniba, Horace-Bénédict de Saussure, ya zo ƙauyen Chamonix, wanda ake furta sunansa Shamoni, ya yi alkawarin tukuici ga duk wanda ya gano hanyar hawa ƙololuwar Farin Dutse. A 1767 shi da kansa ya kewaye dutsen ta waɗannan turaku. Tukuicin kuwa sai da ya yi shekara 26 yana jira, har ran 8 ga Agusta 1786, ranar da wani likita mai suna Michel-Gabriel Paccard da wani mai neman duwatsu masu daraja, Jacques Balmat, suka kai ƙoli. Har yanzu a tsakiyar garin akwai mutum-mutumin Balmat yana nuna wa Saussure dutsen da hannu.

Waɗannan tsofaffin turaku su aka haɗa suka zama zagayen da nake magana a kai. Tsawonsa kimanin kilomita 170, kusan tafiyar Kano zuwa Katsina. Amma fa ba tsawon ne abin tsoro ba. Idan aka tara duk hawan da mutum zai yi daga farko zuwa ƙarshe, ya kai kimanin mita 10,000, watau ya fi tsawon dutsen Everest mai mita 8,849, kuma duk abin da ka hau sai ka sauke shi, tunda inda ka tashi nan za ka koma. Masu tafiya a ƙasa sukan yi shi cikin kwana 7 zuwa 11, suna kwana a ƙauyuka da masaukan da aka gina a kan duwatsu.

A shekarar 2003 aka fara shirya tsere a wannan zagaye, wanda ake kira UTMB a taƙaice. Ana tashi daga Shamoni da yammacin Juma'a a ƙarshen watan Agusta, a yi ta gudu dare da rana, kuma awa 46 da ɗoriya aka ba kowa ya dawo. A karon farko mutum sama da 700 suka tashi, 67 kaɗai suka gama, wanda ya ci kuwa ɗan ƙasar Nefal ne, Dachhiri Sherpa. Daga baya masu shiga suka haura 2,000 a shekara, kuma kusan ɗaya cikin uku ba sa kaiwa ƙarshe. Kilian Jornet na ƙasar Sifen ya ci a 2008 yana da shekara 20 a duniya, kuma a 2022 ya gama zagayen cikin ƙasa da awa 20. A 2023 Jim Walmsley na Amurka ya yi shi cikin awa 19 da minti 37. A ɓangaren mata, Courtney Dauwalter, ita ma Ba'amurkiya, ta ci sau uku, a 2019 da 2021 da 2023, kuma a 2021 maza shida kaɗai suka riga ta isowa. Duk da haka dutsen ba ya jin kunyar kowa. A 2010 ruwan sama da zaizayar ƙasa suka sa aka tsayar da tseren bayan 'yan awoyi da tashi, a 2012 kuma mugun yanayi ya sa aka gajarta hanya, ba a ma fita daga Faransa ba.

Kada wani ya koma gida ya ce na shiga wannan tsere. Ban shiga ba, ba sa'ata ba ce. Abin da na yi shi ne abin da talakawan masu gudu suke yi, watau a raba zagayen kashi huɗu, a yi gudu da rana, a kwana da dare, a gama cikin kwana huɗu.

Yadda aka yi na shiga wannan harka kuwa, aiki ne ya kai ni Jeniba, na sami gida a wani ƙauye a ɓangaren Faransa, kusa da iyaka. Daga kujerar ofis sai kujerar mota, daga nan sai ta falo. Kafin in ankara tumbi ya fito, ran nan likita ya auna ni ya ce hawan jini ya kama ni, in ban motsa jiki ba to magani har ƙarshen rayuwa. Akwai wani dattijo maƙwabcina, Bafaranshe, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya yi shekara da shekaru yana raba wasiƙu a ƙauyukan duwatsu. Kullum da asuba nakan gan shi ya fita da 'yar jakarsa a baya. Tsoho nake ce masa, ya kuwa karɓi sunan bayan na fassara masa. Shi ya fara kai ni dutsen Salève da ke kallon Jeniba. Ranar farko ban kai rabi ba na zauna ina haki, shi kuwa yana tsaye yana ɓare lemo. Shekara biyu muka yi muna hawa da sauka, tumbi ya tafi, jini ya sauka, ƙafata ta da ta dawo. Abin da ban lura ba shi ne, tare da ƙafar halina na da ma ya dawo.

Tsoho yana da dokoki uku. Ta farko, a hawa a yi tafiya, a miƙaƙƙen wuri a yi sassarfa, a gangara a yi hankali. Ta biyu, ka ci kafin ka ji yunwa, ka sha kafin ka ji ƙishirwa. Ta uku, ko sama ta yi garau, kada ka rabu da kayan sanyi. Kayan kuwa su ne rigar ruwa mai hula, da dogon wando, da safar hannu, da hular sanyi, da tocila biyu, da usur, da wani ɗan bargo na leda mai ƙyalli wanda yake riƙe ɗumin jiki. Kusan irin kayan da ake tilasta wa masu tseren su ɗauka ke nan. Dalili kuwa, duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Kana iya barin kwari kana gumi, ka isa wuyan dutse ka tarar da sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu, balle idan iska ta taso ta same ka a jiƙe. Bugu da ƙari, a tsawon mita 2,500 iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka gajiya tana saurin kama mutum.

Shekarar da Tsoho ya cika 67 ya ce mu je mu yi zagayen. Mu uku ne, da shi da 'yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, da ni. Ranar farko muka tashi daga Shamoni, mai tsawon mita 1,035, muka bi ta Les Houches, muka haye dutse muka gangara Saint-Gervais, muka kwana a Les Contamines, tafiyar kilomita 31 ko kusa da haka. Rana ta fito tas, jikina kuwa kamar na ɗan shekara ashirin. Duk inda aka yi hawa sai in wuce su, in zauna a sama ina jiransu, a raina ina cewa ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Da dare na ɗaga jakata na ji ta yi mini nauyi. Na leƙa waje na ga taurari. Sai na zare rigar ruwa da dogon wando da safar hannu, na ba mai masauki ajiya, ban gaya wa kowa ba.

Rana ta biyu ita ce mai tsawo, kusan kilomita 50 zuwa garin Courmayeur na Italiya. Muka fita tun da duhu da tocila a goshi. Muka wuce wata tsohuwar majami'a da ake kira Notre-Dame de la Gorge, muka kama wata turba da aka shimfiɗa da duwatsu, wadda mutanen wurin suke ce wa hanyar Rumawa. Daga nan itatuwa suka ƙare, sai ciyawa da tsakuwa, har wuyan Bonhomme mai mita 2,329. A nan na ce musu zan yi gaba, mu haɗu a iyaka. Tsoho ya dubi sama ya ce gajimaren da ke tasowa daga yamma bai gamshe shi ba, mu tafi tare. Na ce masa kada ya damu. Na gangara Les Chapieux a guje, ban tsaya cin komai ba, na wuce rugar da ake yin cukun Beaufort, na kama hawan wuyan Seigne, mita 2,516, inda Faransa ta ƙare Italiya ta fara.

Ina cikin hawa rana ta ɓace. Iska ta taso, ruwa ya biyo baya, can sai ƙanƙara ƙanana kamar tsakuwa, a tsakiyar watan Agusta. Na isa saman daga ni sai 'yar riga mai gajeren hannu, jiƙe sharkaf da gumi da ruwa. Hazo ya rufe ko'ina, ban ga turbar gangara ba, sai na raɓe a bayan wani tarin duwatsu ina jiransu. Da farko jikina ya yi ta karkarwa, haƙora suna haɗuwa. Na tuna da ɗan bargon leda, shi ban cire shi ba, amma yatsuna suka ƙi buɗe jakar. Can sai na ji karkarwar ta fara raguwa, wani barci mai daɗi yana fizgata. Daga baya aka gaya mini wannan ita ce alama mafi muni. Zafin jikin ɗan'adam digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 tunani yakan fara rikicewa, idan karkarwa ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, to jiki ya fara sallamawa ke nan.

Kimanin minti arba'in na yi a wurin kafin su iso. 'Yar Tsoho ta durƙusa ta tambaye ni sunana da ranar da muke ciki, na buɗe baki harshe ya yi nauyi. Ta buɗe jakata tana neman rigar ruwa, ba ta gani ba, ta dube ni, ta dubi mahaifinta. Tsoho bai ce uffan ba. Ya tuɓe rigarsa ya sa mini a kan bargon ledar, ya zare safar hannunsa ya sa mini, suka ɗura mini shayi mai sukari da yawa, suka sa ni a tsakiya muka kama gangara zuwa wani masauki a ɓangaren Italiya. Shi yana gaba yana nemo turba, daga shi sai 'yar rigar ulu, ruwa yana dukansa, yana sauri don ya fitar da ni daga iska. A wani santsin dutse ƙafarsa ta zame, gwiwarsa ta murɗe. Haka ya tashi yana ɗingishi har muka isa.

Washegari muka lallaɓa zuwa bakin hanyar mota, muka shiga bas zuwa Courmayeur, daga nan muka shiga wata da ta bi da mu ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin dutsen, mai tsawon kilomita 11.6, wanda aka buɗe a 1965. Tafiyar da muka yi kwana biyu muna yi, ba a yi awa guda ba aka mai da mu Shamoni. Ni dai ina jiran faɗa, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muna cikin ramin ya juyo ya ce, "Abokina, rigar nan da ka bari, nawa ne nauyinta?" Na ce ba ta kai rabin kilo ba. Ya gyaɗa kai, ya mai da fuskarsa ga taga. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

'Yarsa ce ta gaya mini daga baya cewa da ma ya ƙudura wannan ne zagayensa na ƙarshe, so yake ya yi ban kwana da turakun da ƙafarsa. An yi masa aiki a gwiwar, yana tafiya da sanda, amma gudu ya ƙare. 'Yan'uwa, ni na cinye masa zagayensa na ƙarshe, saboda nauyin da bai kai rabin kilo ba. Wata shida na yi ina kauce wa ƙofar gidansa.

Da bazara ta zagayo sai ga shi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya ce na bar aiki a rabi, kuma shi a gidan waya ba a koya masa mai da wasiƙa ba a kai ta ba. Ya ce 'yarsa za ta sake zuwa da wasu samari biyu da suke aiki tare, shi kuma zai bi mu da mota yana tarar mu a ƙauyuka. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, ni ne a bayan kowa, daga tashi har dawowa.

Haka aka yi. Muka sake bin kwana biyun farko, na wuce tarin duwatsun nan na wuyan Seigne da rana tsaka, a ranar na ga abin da hazo ya ɓoye mini, watau bayan Farin Dutse ta ɓangaren Italiya, baƙin dutse tsaye kamar katanga, ƙanƙara tana rataye a jikinsa. Rana ta uku muka tashi daga Courmayeur da wani hawa mai tsanani zuwa masaukin Bertone, daga nan turba ta miƙe a gefen dutse kamar baranda har masaukin da aka sa wa sunan Walter Bonatti, shahararren mahayin duwatsu na Italiya. A ɗaya gefen kwarin ga Grandes Jorasses mai mita 4,208, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Da yake ina baya, na sami sukunin ganin abubuwa. Na ga wata dabba mai kama da gafiya amma ta fi ta girma, takan tsaya da ƙafa biyu ta yi fito idan ta hango mutum. Na lura allunan hanya awa suke nunawa maimakon kilomita, domin a dutse nisa ba ya gaya maka komai sai ka san hawan da ke ciki.

Bayan azahar muka kama hawan babban wuyan Ferret, mita 2,537, iyakar Italiya da Suwizalan, wanda ya fi Chappal Waddi tsawo. A nan ɗaya daga cikin samarin ya ƙare. Cikinsa ya juya, ya yi amai, ya zauna a kan ciyawa ya ce shi kam ya haƙura. Sauran sun yi nisa, ni ne a bayansa. Na ciro rigar ruwata na sa masa, na ba shi ruwa da ɗan gishiri da biskit, na ce masa kada ya dubi saman, mu yi taku hamsin mu tsaya, ni zan ƙirga. Muka yi hamsin, muka sake hamsin. Ban san sau nawa na ƙirga hamsin ba a ranar, amma mun kai. Daga can muka gangara ƙasar Suwizalan, cikin shanu masu manyan ƙararrawa a wuya, muka ratsa La Fouly da ƙauyuka masu gidajen katako, muka isa tafkin Champex bayan duhu ya yi, da tocila. Tsoho yana tsaye a bakin hanya da tukunyar miya mai zafi. Ya dubi yaron sanye da rigata, ya dube ni, ya miƙo mini kwano.

Rana ta huɗu hawa uku ne manya, ta Bovine zuwa Trient, daga Trient a haye a koma Faransa ta Vallorcine, sa'an nan hawa na ƙarshe zuwa La Flégère. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka hawa ya fi wuya. A rana ta huɗu gangara ita ce azaba, domin cinya ce take riƙe nauyin jiki a kowane taku, yatsun ƙafa kuma suna ta dukan bakin takalmi. Farce biyu na baro a can. Daga La Flégère ana hango daskararren kogin nan da ake kira Mer de Glace a ɗaya gefen kwari. Tsoho ya taɓa nuna mini inda ƙanƙarar take kaiwa yana yaro, yanzu wurin tsakuwa ce zalla, ɗumamar yanayi ta cinye ta. Muka shiga Shamoni da magariba, mu huɗu a jere, ni ne na ƙarshe. Ba kofi, ba tafi, sai Tsoho da sandarsa a gaban majami'ar da muka tashi. Ya ƙirga mu da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ce yanzu wasiƙa ta isa.

'Yan'uwa, ba na ce kowa ya sayi tikiti ya nufi Farin Dutse. Yawancinmu mun ba hamsin baya, abin da zan roƙa shi ne kowa ya je a auna jininsa, kuma ya riƙa taka ƙasa da ƙafarsa ko da rabin awa ne a rana, domin ni da likita bai tsorata ni ba da ban san inda nake yau ba. Wanda kuma Allah ya nufa ya je, to ya je tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Satumba, lokacin da ƙanƙara ta narke daga turaku kuma masaukai suke buɗe, ya kama wurin kwana tun da wuri, ya yi shiri na watanni, ya duba labarin yanayi kowace safiya. Kuma ya ɗauki rigarsa. A da ina ɗauka kayan da ke jakata nawa ne, in na ga dama in ɗauka, in na ga dama in bari. Ashe duk abin da ka ƙi ɗauka, wani ne zai tuɓe nasa ya ba ka.

Ranka ya daɗe Malam, kofuna uku na jawo wa gidanmu asara, ga 'yan gidanmu nan suna jina, ina neman afuwarsu. Na zo na ɗaya sau uku a gabanka ba ka taɓa yaba mini ba, a lokacin har ina jin haushi. Yau na zo in shaida maka cewa na zo na ƙarshe sau ɗaya, kuma duk wanda muka tashi da shi ya iso.